Kare Kai a Idon Doka: Yaushe Ake Tsayawa, Yaushe Ake Ja da Baya?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Birnin Malam da Jandutsi da Kimba da cikin garin Jega, da manoman albasa na Aliero da Sabiyal da Danwarai, da 'yan'uwanmu na Maiyama da Mungadi da Andarai, duk a nan jihar Kebbi. Wanda ke gona Allah ya ba da albarkar noma, wanda ke bayan shanu Allah ya tsare dukiya, 'yan kasuwa kuma Allah ya kawo ciniki.

Maganarmu ta yau mai nauyi ce, domin magana ce ta rai. Idan mutum ya taso maka da makami, me doka ta yarda ka yi? Ka tsaya ka kare kanka, ko wajibi ne ka ja da baya in da hali? In kuma garin kare kai rai ya salwanta a hannunka, me zai fisshe ka a gaban alƙali, me kuma zai kai ka ga igiya?

A majalisa kowa da amsarsa. Wannan ya ce namiji ba ya gudu. Wancan ya ce duk wanda ya shigo gonarka da dabba jininsa ya halatta. Wani ya ce ai manya da bakinsu suka ce kowa ya kare kansa. To, ko ɗaya daga cikin waɗannan maganganu ba ta da kujera a kotu. Sai ku gyara zama, mu ji wadda ke da ita.

Za mu fara da wata shari'a da ta girgiza ƙasar nan. A shekarar 2015, a wata gona da ke dajin Kodomti cikin ƙaramar hukumar Numan ta jihar Adamawa, rigima ta haɗa wani manomi mai suna Sunday Jackson da wani makiyayi. Yadda Jackson ya ba da labari, makiyayin ya shigo masa gona da dabbobi, da ya yi magana sai mutumin ya zaro wuƙa ya kai masa suka har ya ji masa rauni. Suka rungumi juna da kokawa. Jackson ya ƙwace wuƙar, ya soke shi da ita a wuya, makiyayin ya mutu.

A watan Fabrairu na 2021 Babbar Kotun jihar Adamawa da ke Yola ta yanke wa Jackson hukuncin kisa ta hanyar rataya. Hujjarta ita ce, daga lokacin da wuƙa ta koma hannunsa, abokin faɗansa ya zama ba shi da makami, kuma hanyar gudu a buɗe take, amma bai bi ta ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin. Ranar 7 ga Maris, 2025, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar, alƙalai huɗu daga cikin biyar. Ta biyar ɗin, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju, ta saɓa musu. A ganinta abin da Jackson ya yi kare kai ne. Sai a watan Disamba na 2025 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya yi masa afuwa, da ikon da sashe na 212 na kundin tsarin mulki ya ba gwamnoni, bayan ya shafe sama da shekara 10 a tsare.

Jama'a, mu lura da abu biyu. Na ɗaya, afuwar gwamna ta buɗe wa Jackson ƙofar gidan yari, amma ba ta goge hukuncin Kotun Ƙoli ba. Hukuncin na nan daram, kuma duk kotunan da ke ƙasa da ita, har da Babbar Kotun Birnin Kebbi, wajibinsu ne su bi sahunta. Na biyu, kada kowa ya ɗauki wannan labari a matsayin na manomi da makiyayi, ko na wannan ƙabila da waccan. Da a ce manomin ne ya fara zaro adda, makiyayin ya ƙwace ya sare shi, tambayar da kotu za ta yi ba za ta sake ba: a lokacin da ka kai saran nan, hatsarin yana nan ko ya wuce?

To, me doka ta ce?

Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 33, ya ce kowane mutum yana da haƙƙin rayuwa. A nan kuma ya yi togiya: idan mutum ya rasa ransa sakamakon ƙarfin da aka yi amfani da shi don kare wani daga farmaki na zalunci, ko don kare dukiya, ba a tauye masa wannan haƙƙi ba, muddin ƙarfin bai wuce abin da hankali zai ce ya zama dole ba, kuma ya tsaya cikin iyakar da doka ta shata.

Iyakar kuwa tana cikin dokar Final Kod, kundin hukunta laifuffuka da tsohuwar Jihar Arewa ta fara aiki da shi a 1960, wanda jihohinmu suka gada. Jihohi sun yi wa nasu gyare-gyare, lambobin sassa kan ɗan bambanta, amma zan yi amfani da lambobin kundin na asali, waɗanda lauyoyi suka fi ambata. Sashe na 59 ya ce abin da mutum ya yi cikin halattacciyar kariyar kai ba laifi ba ne. Sashe na 60 ya ce kana da ikon kare jikinka da jikin waninka, da dukiyarka da ta waninka. Wato idan ka ji kururuwar maƙwabcinka ka kai masa ɗauki, doka na tare da kai.

Sashe na 65 ya lissafa inda kariyar jiki za ta iya kai wa ga ɗaukar rai: farmakin da mai hankali zai ji tsoron zai kashe shi ko ya yi masa mummunan rauni, da fyaɗe, da yunƙurin sace mutum. Iyaye mata da 'yan mata, ku ji da kyau: macen da aka kai wa farmakin fyaɗe ta kare kanta, doka ta san da ita. Sashe na 66 kuma ya yi maganar dukiya: fashi, da fasa gida cikin dare, da cinna wa gida ko ma'ajiyar kaya wuta, da sata ko kutse da ya zo da barazanar kisa ko mummunan rauni.

Wannan ita ce kyautar da doka ta ba ka. Ga kuma linzamin da ta sa mata. Sashe na 62 ya ce ba ka da ikon yin ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke bukata. Sashe na 63 ya ce in akwai lokacin da za ka iya neman kariyar hukuma, to babu maganar kare kai.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, har yanzu kuna tare da filinmu na faɗakarwa, muna magana a kan kare kai a idon doka.

Idan ka karanta waɗannan sassa ba za ka ga inda aka rubuta ƙarara cewa sai ka gudu ba. Maganar ja da baya ta fito ne daga hukunce-hukuncen manyan kotuna, waɗanda suka daɗe suna jera sharuɗɗa huɗu ga duk wanda ya ce kare kansa ya yi. Na farko, kada ya zama shi ya tono faɗan. Na biyu, ya kasance akwai hatsari na gaske da ke fuskantar ransa ko lafiyar jikinsa a daidai wannan lokaci. Na uku, ya kasance babu wata amintacciyar hanya ta kauce wa hatsarin ta ja da baya. Na huɗu, ya kasance ɗaukar ran ya zama dole.

Ku riƙe sharaɗi na uku da kyau. Hanyar da ake nufi amintacciya ce, wadda mai hankali zai iya bi ya tsira. Doka ba ta ce ka juya wa mai bindiga baya a fili fetal ba. Ba ta ce tsoho ɗan shekara 70 ya yi tsere da saurayi ba, ba ta kuma ce ka bar matarka da 'ya'yanka a hannun mahara ka tsere ba.

Mu sauko da maganar ƙasa. A ɗauka kaka ta yi, manomi a Birnin Malam ya yanke gero ya shanya a gona. Da hantsi ya iso sai ya tarar da shanu a tsakiyar zangarniya, da wani yaro riƙe da sanda. Zuciya ta ɗebe shi, ya ɗaga adda ya nufi yaron. A nan babu kare kai ko kaɗan. Ɓarnar amfanin gona laifi ce, tana da hukunci, tana da biyan diyya, amma ba ta cikin abubuwan da suka halatta jini. Hanyarta ita ce a kira shaidu su ga ɓarnar da idonsu, a sanar da mai gari da arɗo, a ƙiyasta asara, in ba a daidaita ba, sai a wuce wurin uban ƙasa ko kotu.

Mu juya labarin. Manomin ya yi magana da baki kawai, sai wani babba ya fito daga bayan shanun ya zare takobi ya yi kansa. Bayansa rafi ne, gefensa shinge, a hannunsa fartanya kaɗai. Ya kare saran farko da ƙotar fartanya, ya mayar da duka ɗaya, mutumin ya faɗi, takobin ya yi gefe. Zuwa nan doka na bayan manomi, ko da dukan nan ɗaya ya zama ajali. Amma ga mutum a ƙasa yana nishi, hannunsa wayam, hanya ta buɗe. In manomin ya ja da baya ya yi kururuwa jama'a suka zo, ya tsira da ransa, ya tsira da 'yancinsa. In kuwa ya ɗauki takobin ya ƙara masa biyu don huce haushi, waɗannan biyun su ne za a yi shari'a a kansu. Likitan da zai duba gawa zai ƙirga raunuka, ya faɗi inda kowanne yake, a gaba ko a baya. Rauni a bayan mutum na iya nuna cewa gudu yake yi aka cim masa, kuma mai gudu ba barazana ba ne.

Haƙƙin kare kai kamar ruwan kashe gobara yake a ɗakin ƙasa. Muddin wuta na ci, zuba shi wajibi ne. In ta mutu ka ci gaba da kwarara shi, kai za ka rushe ɗakin da hannunka.

Haka abin yake ga mai gadin rumbun albasa a Aliero. Cikin dare ya ji motsi, ya haska tocila, ya ga mutum ya saɓa buhu a kafaɗa yana gudu. Yana da ikon ya yi ihu, ya bi shi, ya kama shi, ya ƙwato buhunsa da ƙarfin da ya dace. Ba shi da ikon ya harbe shi a baya. In kuwa ɓarawon ya ajiye buhu ya juyo da wuƙa, magana ta sake, an koma sashe na 65.

Akwai kuma matsakaicin mataki da mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 222 ya ce wanda ya fara kare kansa da zuciya ɗaya, ba tare da shiri ko ƙulli ba, sannan ya zarce iyaka har ya yi kisa, laifinsa ba na hukuncin kisa ba ne. Haka wanda aka tsokane shi tsokana mai tsanani farat ɗaya har hankalinsa ya gushe, da wanda faɗa ya ɓarke masa ba zato. Waɗannan hukuncinsu ɗauri ne, wanda zai iya kai wa na rai da rai a ƙarƙashin sashe na 224. Wuya ya tsira, amma ƙuruciya ta tafi a gidan yari, gona ta koma saura, iyali sun watse.

Wani zai ce, Malam, ai wannan dokar Bature ce, mu Musulmi ne, kuma jihar Kebbi na cikin jihohin da suka dawo da shari'ar Musulunci a fagen laifuffuka tun shekarar 2000. Madalla. Mu leƙa zauren malamai.

Musulunci bai ce ka miƙa wuya ga azzalumi ba. Hadisi ingantacce ya nuna wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ko jininsa ko iyalinsa ya yi shahada. Amma a ruwayar Imam Nasa'i, da wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mai son ƙwace masa dukiya, matakai aka jera masa: ya fara tuna wa mutumin Allah, in bai ji ba ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa, in babu ya nemi hukuma, in hukuma ta yi nisa sannan ya yi faɗa don kare abinsa. Faɗa ne ya zo a ƙarshe.

Littafin Mukhtasar na Shaihu Khalil, malamin Misra na ƙarni na 14, wanda alƙalan ƙasar Gwandu da Sakkwato suka daɗe suna hukunci da shi, ya yi maganar ture mai farmaki a taƙaice. Abin da ya nuna shi ne, ya halatta a ture shi bayan an yi masa gargaɗi in mai fahimta ne. Ya halatta a nufi kashe shi in an tabbata ba zai tunkuɗu ba sai da hakan. Amma ko rauni bai halatta a yi masa ba in mutum na iya kuɓuce masa ba tare da wahala ba. Masu sharhi suka ƙara bayani cewa kuɓutar da ake nufi ita ce ta kansa da iyalinsa da dukiyarsa gaba ɗaya. Ashe sharaɗin ja da baya yana cikin littattafan da ke zaurukanmu tun kafin Bature ya tako ƙasar nan. Malamai kuma sun ce wanda ya yi kisa ya ce farmaki aka kawo masa, ba a karɓar maganarsa haka kawai sai da shaida, don kada kowa ya kashe maƙiyinsa ya fake da kare kai.

Sauran duniya fa? Ba a taru a kan ra'ayi ɗaya ba. A Amurka, jihar Fulorida ta yi doka a 2005 da ta ɗauke wa mutum wajibcin ja da baya a duk inda yake da ikon kasancewa, jihohi da dama suka bi ta. Dokar ta sha suka bayan George Zimmerman ya harbe Trayvon Martin, matashi baƙar fata ɗan shekara 17 da ba ya ɗauke da makami, a Fabrairun 2012, kotu kuma ta wanke shi a 2013. A Ingila gudu ba wajibi ba ne, amma kotu na duba ko mutum ya sami damar kaucewa. Can ne wani manomi mai suna Tony Martin ya harbe wani yaro ɗan shekara 16 da ya fasa masa gida cikin dare a 1999. Harbin a baya ya same shi, manomin kuma ya tafi gidan yari. A Indiya, inda asalin dokarmu ta Final Kod ya fito kafin ya biyo ta Sudan ya iso mana, Kotun Ƙolinsu ta sha faɗin cewa ba a tsammanin wanda aka kai wa hari ya tsere kamar matsoraci, ba a kuma auna dukansa da ma'aunin zinariya.

Ni a nawa ganin, maganar Mai Shari'a Ogunwumiju tana da ƙarfi. Mutumin da jini ke zuba a jikinsa, numfashin abokin gaba na dukan fuskarsa, ba ya lissafi irin na wanda ke zaune a ofis ƙarƙashin fanka. Ya kamata 'yan majalisunmu su sake duba wannan fage, su fayyace shi yadda talaka zai gane. Amma kafin a yi haka, ɗan'uwa mai saurare, da dokar da ke ƙasa za a yi maka shari'a, ba da ra'ayina ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu ga tambayar da na san tana cin zuciyar kowa: 'yan bindiga fa? Mutanen jihar nan ba labari aka ba su ba. Mun ga ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da aka kwashe a Yunin 2021. Wanda ya shigo gari da bindiga don kisa ko fashi ko satar mutane, ya cika duk sharuɗɗan sassa na 65 da 66. Mutumin da ya tare shi a ƙofar gidansa bai yi laifi ba, kuma ba mai cewa akwai lokacin kiran hukuma alhali ana ɓalle maka ƙyaure.

Sai dai a kula da abubuwa uku.

Na farko, makami. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya shawarci jama'a su nemi makamai su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce mutane su nemi izinin riƙe bindiga. Babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Dokar makamai ta tarayya ce. Manyan bindigogi irin na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta mai harsashi sai da lasin Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kanta harba-ruga akwai izinin da ake nema wurin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Kotu na iya wanke ka daga laifin kisa, ta ɗaure ka a kan bindigar da ka yi kariyar da ita.

Na biyu, bin sawu. A watan Maris na 2022 'yan sa-kai sama da 60 suka rasa rayukansu a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba, sun fita tunkarar 'yan bindiga. A Nuwamban 2024, a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, 'yan bindigar Lakurawa suka kore shanu, mutanen gari suka bi su, aƙalla mutum 15 suka kwanta dama. Allah ya jiƙansu da rahama. Babu mai zargin wanda ya bi dukiyarsa, kuma jaruntakarsu ba abin musu ba ce. Amma wanda ya bar gari ya shiga daji ya bar inda ya fi ƙarfi, ya tafi inda maƙiyi ya zaɓa. Aikin sa-kai da banga ya fi tsari da kariyar doka idan an yi shi da rajista, da sanin uban ƙasa da shugaban 'yan sandan yanki, wato DPO, tare da jami'an tsaro.

Na uku, ɗaukar doka a hannu. Wanda aka kama aka ɗaure ya daina zama hatsari. Duk abin da aka yi masa bayan nan ba kare kai ba ne. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, aka tare wasu mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa Kano, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Duk mun ji zafin wannan. To, irin zafin ne uwar wani ke ji idan aka yi ihun ɓarawo a kasuwar Jega ko a tasha, aka taru a kan ɗanta da duwatsu da taya kafin a tambayi sunansa. Haka wanda ya kwana da haushi, gari ya waye ya tara samari suka nufi ruga ko ƙauyen da yake zargi. Wannan ramuwar gayya ce, kuma a kotu hukuncinta na kisan kai ne da gangan.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, ga abin da ya kamata mutum ya yi in Allah ya jarrabe shi da irin wannan rana.

Da zarar hatsari ya kau, ka dakata. Ka ja gefe, ka kira jama'a. In wanda ya kawo maka harin na da sauran numfashi, a nema masa taimako. Wannan zai yi maka shaida a duniya da lahira. Kada ka ɓoye makami, kada ka jefa shi rijiya, kada ka gudu ka bar gari. Ka sanar da mai gari, ku tafi caji ofis tare. In an ji maka rauni ka je asibiti a rubuta, a ɗauki hoto da waya tun jini bai bushe ba, ka adana rigar da ta yage. Ka riƙe sunayen waɗanda suka gani ko suka ji.

Sai kuma bayanin da za ka yi wa 'yan sanda. Nan ne mutane da yawa ke yanka kansu. Ga ka zaune a kan benci, jikinka na rawa, ba ka ci ba, ba ka yi barci ba. Kana magana da Hausa, jami'i na rubutawa da Turanci. Ya gama ya turo maka takarda da tawada ya ce dangwala. Wannan takarda za ta bi ka har Kotun Ƙoli a Abuja, kuma a shari'ar Jackson bayanin da ya yi wa 'yan sanda na cikin manyan abubuwan da kotu ta dogara da su. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka ikon yin shiru har sai ka gana da lauya ko wani wanda ka zaɓa. Ka nemi a karanta maka abin da aka rubuta, a fassara maka da Hausa, kafin ka sa hannu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta a doke ka don ka amsa laifi. In ba ka da kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, ka nemi a haɗa ka da ita. A kotu ma, sashe na 36 ya ba ka tafinta ba tare da ka biya ko kwabo ba. Ka kuma sani, duk wanda ya ce kare kaina na yi ya amsa cewa shi ya aikata, saura bayanin dalili. Don haka ka faɗi gaskiya daki-daki: wa ya fara, me ke hannunsa, ina ka tsaya, me ya hana ka kaucewa.

Kiranmu ga iyayenmu sarakuna, da uwayen ƙasa da masu gari da arɗaɗe na Jega da Aliero da Maiyama, shi ne a zauna tun kafin kaka a tsayar da ranar sakin dabbobi, a buɗe burtalin da aka cinye da noma, a bar hanyar mashaya, a kuma sa wanda ya yi ɓarna ya biya ba tare da jan rai ba. Mutumin da ya san zai sami haƙƙinsa a ƙofar mai gari ba ya neman sa da bakin adda. Malamanmu, ku karantar da wannan babi na fiƙihu a masallatai da makarantu. Hukuma kuma ta tuna, sashe na 63 da ya ce a nemi kariyarta ya ɗora mata nauyin ta zo in an kira ta.

Ku kuma samari, masu jini a jika: in an kawo muku hari babu mafita, ku kare kanku da iyalinku, doka da addini sun ba ku wannan. In akwai hanyar kaucewa lafiya, ku bi ta, ba ragwanci ba ne. In makami ya faɗi daga hannun abokin faɗa, ku tsaya nan.

A nan za mu dasa aya. Wanda ya ji ya isar wa wanda bai ji ba. Allah ya tsare mu da mummunar ƙaddara, ya zaunar da jihar Kebbi da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)